Na'urar auna zurfin barcin tiyata: abin da muke sayarwa da abin da ke ɓata ta

Sana'armu ita ce kawo wa asibitoci na'urar da ke karanta wutar ƙwaƙwalwa yayin tiyata, mu haɗa ta, mu koya wa ma'aikata, mu gyara idan ta samu matsala. Wadda aka fi nema ita ce mai suna BIS (Bispectral Index), da kamfanin Aspect na Amurka ya ƙera, aka amince da ita a can a 1996. Yanzu tana hannun kamfanin Medtronic. Tana nuna lamba daga 0 zuwa 100. Mutum a farke yana kusa da 100, likitan sa barci kuma yana son ya riƙe majiyyaci tsakanin 40 da 60.

Wutar da ake kamawa 'yar mitsitsiya ce, ba ta cika wuce maikurobolt 100 ba (maikurobolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt), shi ya sa rabin aikin yana kan goshi. Filastar da ake mannawa a goshi don kama wutar tana da idanu huɗu, wato wuraren da ke ɗauko wutar daga fata. Na 1 a tsakiyar goshi, kamar santimita 5 sama da karan hanci; na 4 daidai saman gira; na 3 tsakanin gefen ido da inda gashi ya soma. A goge fata da sifirit, a bar ta ta bushe, sannan a danna kowane ido na daƙiƙa 5. Man shafawa da hoda su ne manyan abokan gaba. Idan na'ura ta ƙi karɓar wani ido, galibi turjiyar da fata ke yi wa wuta ce ta haura kilo'om 7.5 (ma'aunin turjiyar), sai a sake danna shi kafin a ɓare sabuwar filasta, don tana da tsada kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Kada ta wuce awa 24 a jiki. Wadda aka buɗe ledarta aka ajiye, musamman da hunturu, ruwan cikinta kan bushe, ta tashi daga aiki.

Yawancin kiran da ake mana cewa "lamba tana tsalle", na'urar lafiyarta ƙalau. Wuƙar lantarki ta ƙona jijiya tana cika siginal da hayaniya. Soket marar wayar ƙasa, ko janareta mai rawa, yana shigo da ƙugin wutar lantarki mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Tsokar goshi idan ta ɗaure tana ɗaga lamba, sai a zaci mutum zai farka. Don haka muke nace wa ma'aikata su fara duban ma'aunin ingancin siginal: in ya faɗi ƙasa da 50, kada a gaskata lambar. Kuma lambar tana zuwa a makare, domin tana tattara abin da ya faru cikin daƙiƙa 15 ko 30 da suka shige.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin sa barci na ketamin, wanda asibitocinmu ke yawan dogaro da shi. Majiyyaci na iya yin nisa a barci, lamba kuwa tana sama, har ta ƙaru. Wanda bai san haka ba sai ya ƙara magani, ya danne hawan jini ko numfashi a banza. Maganin sassauta tsoka kuma akasin haka yake yi: yana iya saukar da lamba alhali mutum yana ji. Asibitin da kusan duk tiyatarsa da ketamin ake yi, muna gaya masa gaskiya tun kafin ciniki, ya fara sayen na'urar auna iskar oksijin da hawan jini tukuna.