Kibod ɗina da ya riƙa ɗaukewa bayan na koma Windows 11

Kusan sati uku ina fama da wannan abu, yau dai Alhamdulillah kwana biyar cur bai sake ɗaukewa ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta don nasan ba ni kaɗai bane a Jidda ɗin nan da ya sabunta kwamfutarsa.

Ni a maktab ɗin kago nake aiki, wato ofishin tura kaya, mu ke auna kayan mutane masu tafiya Kano da Yamai, dabino ne, jallabiyoyi, abaya, darduma, kuma kowane kwali sai an buga masa fatura, wato takardar shaidar kaya, da sunan mai shi da lambar jawwal, wato wayar hannu, ta wanda zai karɓa a can. Duk a laftof nake yi amma na ɗora ta a kan kantar maktab na haɗa mata kibod mara waya mai Bluetooth, saboda yana da haruffan Larabci da na boko a jikinsa. Shekara biyu muna tare ko tari bai taɓa yi ba. To da aka daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025, Alhaji mai maktab yace shi baya son bayanan mutane su zauna a kwamfutar da ba'a kula da ita, in mayar da ita 11. Na mayar, komai ya hau lafiya, washegari abu ya fara.

Sai in fara buga lamba in ɗago kai inga alƙaluma uku na farko basu shiga ba, wani lokacin kuma shiru gaba ɗaya sai na kashe kibod ɗin na kunna. A aikinmu wannan ba ƙaramin abu bane wallahi, lamba ɗaya ta ɓace kaya su sauka Kano a rasa wanda za'a kira, mai kaya kuma wata baiwar Allah ce da ta shekara tana tarawa. Fatura biyu na kama da kuskure kafin su fita, daga nan hankalina ya tashi.

Na canza batir AAA sababbi, ba canji. Na ɗauke shi na tafi shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid da riyal 120 a aljihu da niyyar sayen wani, Allah ya haɗa ni da mai shago mai amana, ya haɗa shi da tasa kwamfutar yayi ta rubutu kusan minti 20 yace kibod ɗinka lafiyarsa ƙalau, koma ka duba naka injin.

Abin da ya buɗe min ido takarda ce kawai, na ajiye ta gefe duk sanda ya ɗauke sai in rubuta me nake yi kafin nan. Kwana biyu sai ga shi a fili, bai taɓa yankewa ina tsakiyar rubutu ba, kullum sai na tashi na ɗora kwali a sikeli ko na dawo daga sallar La'asar. Na karanta wa ɗan yayata a waya, shi yana karatun kwamfuta ne, yace Kawu ai ba yankewa yake ba, laftof ɗin ce take kwantar da Bluetooth ɗinta don ta rage cin batir, in kun dawo kuma sai ta makara wurin tashinsa.

Ga yadda mukayi. Ka danna maɓallin Windows tare da X ka shiga Dibais Manaja, wato inda ake ganin jerin na'urorin kwamfutar, in taka da Larabci take kamar tamu Idaratul Ajhiza zaka gani. Ka buɗe sashen Bluetooth ka nemo na'urar da ke cikin laftof ɗin kanta ba sunan kibod ba, ka danna ta sau biyu, akwai shafin sarrafa wuta, a ciki akwai ɗan akwati da yake bai wa kwamfuta izinin kashe na'urar don tanadin wuta, ka cire alamar da ke ciki. A wasu kwamfutocin wannan shafin baya fitowa a nan, sai ka duba sashen da sunayensa ke ɗauke da HID, wato na'urori irin su kibod da mawus, nan ma ka cire wa duk mai alaƙa da Bluetooth.

Wannan ya kashe kaso mafi yawa na matsalar amma da safe in na kunna sai ya ƙi haɗuwa. Nan ne muka koma kan direba, wato ɗan shirin da ke sa Windows ta iya magana da na'ura. Yaron yace bayan babban sabuntawa wani lokaci direban gama-gari ne ke hawa, don haka na juya laftof na kwafi lambar samfurinta a ƙasa, na shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta na sauke direban Bluetooth na Windows 11, na goge kibod daga jerin na'urori, nayi ristat sannan na sake haɗa su kamar yau suka fara haɗuwa. Kuma ashe kashe kwamfuta da yi mata ristat ba ɗaya bane, akwai tsarin kunnawa da sauri wanda in ka kashe yake adana wani ɓangare na tsarin da direbobi ya dawo dasu yadda suke, ristat ne ke tada komai sabo. Na cire shi a zaɓin wuta na Kwantirol Fanel, yanzu tana ɗan jinkiri wurin tashi da safe, ni kam na yarda da wannan.

Wani abu da na gano a hanya, mawus ɗina mara waya mai ɗan toshi yana rawa duk sanda na jona had dis ɗin ajiya a rami mai shuɗi na kusa da shi, wato na USB 3.0. USB 3.0 tana iya damun siginar 2.4 GHz da mawus ɗin ke aiki da ita in sun matsu da juna, na mayar da toshin ɗaya gefen ya daina.

Akwai masu cewa a koma Windows 10 kawai, damar komawar kwana 10 ce bayan sabuntawa, ni ta riga ta wuce ni, kuma ko da bata wuce ba bazan koma kan abin da muka bari don tsaro ba saboda akwati ɗaya da za'a cire wa alama.

Abin da ya rage yanzu ɗan jinkirin daƙiƙa ɗaya ne in ya daɗe a ajiye, wannan na kibod ɗin ne kansa, shima yana barci don batirinsa. Sai na saba da taɓa Shift kafin in fara buga lamba tunda shi baya rubuta komai. Na kuma sayi mai waya na riyal 25 na ajiye a durowa saboda azumi, lokacin da layin masu kaya ke kaiwa har bakin titi.