Tankar mai da nun mai sukun

Laraba, bayan Isha'i.

Da safe wata tankar mai ta tare mana hanya, muka yi kusan rabin awa a bayanta cikin adaidaita sahu. Ba abin kallo sai jan rubutun da ke jikinta: HIGHLY INFLAMMABLE. Autarmu da nake rakawa makaranta ta zungure ni: "Yaya, ashe wannan man ba ya kamawa da wuta?" Wai malaminsu ya ce duk kalmar da ta fara da "in" korewa take yi, kamar "incorrect".

Dariya na yi, amma abin ya tsaya mini a rai, ina dawowa gida na jawo ƙamus. Ashe "in" iri biyu Turanci ya aro daga Latin. Ɗaya na korewa ne, inda mu za mu ce "rashin" ko "maras". Ɗayan kuwa ma'anarsa "cikin", shi ne na jikin tankar: abin da wuta ke shiga ta kama. Shi ya sa wasu suka koma rubuta "flammable" kawai, kada irin autarmu su ƙyasta ashana. "Un" na "unhappy" shi ba aro ba ne, gadon gida ne.

Abin da ya fi burge ni yadda "n" ɗin ke narkewa. Gaban "l" ya ba da "illegal", gaban "r" "irregular", gaban "p" ko "b" ya koma "m", "impossible". Wallahi sai na ga kaina a Islamiyya: nun mai sukun ta haɗu da lam ko ra, idgami, ta haɗu da ba, iƙlabi. Mu ma "gidan Bala" muke rubutawa, baki ya ce "gidam Bala". Da na kawo wa Auta wannan bayan Magariba, nan take ta gane.

Muka gangaro kan "indirect". Tushensa "directus", wato miƙaƙƙe. Aka kore shi ya zama a kaikaice. Ta ce ta san shi a darasin tarihi, mulkin Gwamna Lugga bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Bature na bayan fage, sarki ke karɓar haraji.

Muna cikin haka Inna ta ɗaga murya daga madafa, ba ta kira sunan kowa ba: "Randar nan dai tun La'asar ta bushe."

Auta ta kalle ni: "Yaya, wannan ma indirect ne ko?" Ta miƙe ta ɗauki bokiti.