Mako Na Shida a Koyon Haɗa Sabulu: Na Auna Zafin Ruwan Soda

Abokan koyo, a wannan makon ban haɗa sabulu ko ɗaya ba, domin na tsaya ne a kan tambayar da ta dame ni tun ranar farko, wato daga ina zafin da ke tashi yake fitowa idan an zuba kostik soda cikin ruwan sanyi, alhali babu wuta a kusa. Duk wanda ya taɓa dama soda ya san yadda bokitin roba ke ɗaukar zafi har ya gagari riƙewa, ga tururi mai shaƙe maƙogwaro, kuma a haɗin sabulu mai ƙarfi ruwan yakan haura digiri 80. Na sayi ma'aunin zafi irin na ɗakin gwaji da ƙaramin sikeli na zamani, na sa safar hannu da tabarau, na zauna a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Na auna ruwa giram 200 a cikin kofin roba wanda na naɗe da tsumma, ma'auni ya nuna digiri 28, sannan na zuba soda giram 10 ina juyawa a hankali. Kafin minti biyu ya kai digiri 39, ya ɗan tsaya, sai ya fara sauka. Na sake yin gwajin da ruwa giram 400 da soda giram 10 kamar dā, sai ya tsaya a digiri 34. A nan ne na yi kuskuren da nake so ku kauce masa, domin nan take na rubuta a littafina cewa yawan ruwa yana rage zafin da soda ke fitarwa.

Ba haka ba ne. Abin da ma'auni ke nunawa daban, yawan zafin da ya fita daban, kuma sai da na yi lissafi na gane bambancin. Ana auna makamashi da ma'aunin jul, wanda aka raɗa wa sunan James Joule, mutumin Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa aiki da zafi abu ɗaya ne da ke sauya kama. Kowane giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin jul 4.18 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Saboda haka a kofin farko, 200 sau 4.18 sau 11 ya ba ni jul 9,196, a na biyu kuwa 400 sau 4.18 sau 6 ya ba ni jul 10,032. Kusan abu ɗaya ne. Sodar ta ba da abin da take da shi a duk kofunan biyu, sai dai a na biyu an raba shi ga ruwa ninki biyu, kamar yadda tuwon mutum biyar ba ya raguwa don an ƙaro baƙi biyar, lomar kowa ce kawai ke ƙanƙancewa.

A littattafan kimiyya, soda giram 40 tana sakin kimanin jul 44,500 idan ta narke a ruwa mai yawa, wato giram 10 ya kamata ya ba da wajen jul 11,100. Nawa bai kai ba, kuma ina ganin dalilai uku ne. Kofin da cokalin sun sha nasu rabon, iska ta kwashi nata, musamman a kofin farko da ya fi zafi, sannan sodar tawa ta riga ta jiƙe, domin da damina tana tsotsar laima daga iska da zarar an buɗe leda. Na ga ƙwayoyinta suna sheƙi a kan sikeli kafin in gama aunawa, wanda ke nufin wani ɓangare na giram goman nan ruwa ne na auna.

Game da asalin zafin, abin da na fahimta shi ne, raba ƙwayoyin sinadari da ke riƙe da juna yana cin makamashi, ƙulla sabon riƙo kuma yana sakin makamashi. Idan makamashin da ya fito ya fi wanda aka ci, rarar tana fitowa a matsayin zafi, kamar yadda ake gani idan ruwa ya rungumi ƙwayoyin soda. Idan kuwa wanda aka ci ya fi yawa, dole a cike giɓin daga wani wuri. Don in ga wannan da idona, na roƙi maƙwabcina manomi ɗan takin yuriya, na zuba giram 30 a ruwa giram 200. Ma'auni ya sauko daga 28 zuwa 21, kofin ya yi sanyi kamar ruwan sabuwar randa. Ba sanyi takin ya kawo ba, kwashe zafin ruwan ya yi domin ya narke.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya same ni a makon farko: kada ku dama soda a tukunyar alminiyom. Na yi, tukunyar ta yi ta kumfa tana baƙi, ashe sodar ce ke cin ƙarfen tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Kuma soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, domin zafin yakan taru wuri ɗaya ya fantsamo.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan haɗa sabulun man alayyadi, in raba shi gida biyu, in lulluɓe ɗaya da bargo in bar ɗayan a buɗe, in riƙa auna zafin tsakiyar kowanne duk bayan minti talatin, domin haɗuwar mai da soda ita ma tana fitar da nata zafin bayan an zuba a mazubi.