Inda na kai wajen auna gudun mota daga sautinta a hanyar Jega

'Yan uwa masu koyon wannan aiki, ga bayanin inda aka kwana. Tushen aikin shi ne abin da Christian Doppler, masanin ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1842, wato sautin abin da ke tunkaro mutum yakan yi siriri, da zarar ya wuce kuma sai ya yi kauri. Ina tsayawa a bakin hanyar da ta fita daga Birnin Kebbi zuwa Jega, in buɗe manhajar phyphox a wayata, ita kuma ta nuna mini sau nawa sautin ke kaɗawa a daƙiƙa guda.

Lissafin ba shi da wuya. Ana cire kaɗawar bayan wucewa daga ta lokacin tunkarowa, a raba da jimillarsu, sannan a ninka da gudun sauti. Idan hon ya nuna 440 yana tahowa, ya koma 400 bayan ya wuce, to motar tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, kilomita 61 ke nan a awa. Na yi amfani da mita 355 a daƙiƙa a matsayin gudun sauti, domin 343 da ake yawan rubutawa na yanayi ne mai ma'aunin zafi 20, alhali a nan lokacin bazara muna haura 40, kuma kowane digiri yana ƙara kusan mita 0.6. Bambancin da hakan ke kawowa a lissafin dai kusan kilomita 2 ne kawai a awa.

Abin da ya fi zafin rana ɓata lissafi, a ganina, shi ne ƙafar direba. Ƙarar inji tana canzawa duk lokacin da aka taka totur ko aka sassauta, saboda haka ɗan kabu-kabu da ya rage mai yana gab da wucewa zai sa wayar ta nuna gudun da bai yi ba. Hon kuwa muryarsa ɗaya ce, shi ya sa yanzu na roƙi wani abokina ya danna shi tun daga nesa, kada ya saki sai ya yi nisa, yana kuma lura da agogon gudun motarsa domin mu kwatanta. A riƙa ɗaukar lambobin daga farko da ƙarshen rikodin, ban da tsakiya, inda sautin ke gangarowa.

Iskar hunturu ma tana cika makirfo da hayaniya; ɗan soso a bakinsa yana ragewa. Mako mai zuwa zan gwada Keke Napep, wanda ƙarancin gudunsa zai sa tazarar lambobin biyu ta ƙanƙance.