Kada Ku Auna Asma da Yadda Ƙirji Yake Ji Kawai

Ƙannena masu fama da asma, kuskuren da na fi daɗewa a kansa shi ne yarda da ƙirjina fiye da ma'aunin numfashi. In ban ji numfashi ya sarƙe ba, sai in ajiye maganin shaƙa mai sitiroyid, in riƙe salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, shi kaɗai.

Asma kumburi ce a cikin hanyoyin iska. Idan kumburin ya daɗe, jiki yakan saba da ƙuncin, har ya daina kai ƙara: hanya ta matse sosai, mutum kuwa yana zaune yana hira. Irin waɗannan ne ciwon ke kayarwa ba zato. Sitiroyid na shaƙa, irin su beclometasone, budesonide da fluticasone, yana kwantar da kumburin, kuma a wurin mutane da yawa jin sarƙewar yakan dawo daidai. Sai mutum ya fara lura da ɗan ƙuncin da a da yake wuce shi, ya ce ai maganin ne ya ƙara masa ciwo, ya watsar. Nan ma na taɓa zamewa. Gargaɗin da jiki ya manta ne ya dawo.

Kuma kada ku jira sitiroyid ya buɗe ƙirji nan take. Salbutamol ne ke aiki cikin 'yan mintuna, ƙarfinsa ya gushe bayan kamar awa 4. Sitiroyid sai an yi kwanaki zuwa makonni ana shaƙa kullum, ko da lafiya lau.

Ku samu na'urar auna ƙarfin hurawa. Ku miƙe tsaye, ku cika ƙirji, ku hura da ƙarfi sau 3, ku rubuta mafi yawa, safe da yamma. In ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na mafi kyawun adadinku, ku bi tsarin da likita ya ba ku. Ƙasa da kashi 50, a tafi asibiti, ko da ƙirji bai ce komai ba.

Wajen shaƙa, ku girgiza kwalbar, ku haɗa ta da sifesa, wato bututun da ake sawa tsakanin kwalbar da baki, fesa ɗaya a lokaci guda, ku ja a hankali, ku riƙe numfashi daƙiƙa 10. Sannan ku kurkure baki ku tofar. Ragowar maganin ce ke kawo fararen tabo a harshe da dushewar murya. Wanda ke ƙarar da kwalbar salbutamol 3 ko fiye a shekara, ya koma wurin likita a sake duba maganinsa.