Abin da na koya daga Southgate game da riƙon mutane

A kwas ɗin gudanarwa da nake zuwa da yamma bayan tashi daga aiki, malaminmu ya ba mu nazarin Gareth Southgate, tsohon kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila, haɗe da wasan kwaikwayon da aka yi a kansa, Dear England na James Graham, wanda aka fara nunawa a Landan a 2023. 'Yan aji suka yi ta gunaguni: mutumin da ya shekara takwas bai ɗaga kofi ba, me zai koya wa wani?

Ni batun fenariti ne ya riƙe ni. Southgate ne ya ɓarar da bugun da ya sa Jamus ta fitar da Ingila daga gasar cin kofin Turai a filin wasa na Wembley a 1996. Da ya karɓi ƙungiyar a 2016, bayan Iceland ta kunyata su, ya tarar an daɗe ana cewa fenariti sa'a ce kawai. Shi kuwa ya ɗauke ta a matsayin aiki. Ana atisaye a kai, ana tsara wanda zai buga tun kafin ranar, ana koya wa ɗan wasa ya ja numfashi, kada ya yi gaggawar rabuwa da ƙwallo. Masaniyar halayyar ɗan'adam Pippa Grange kuma ta riƙa zaunar da su suna faɗin abin da ke ba su tsoro. A 2018 suka doke Kolombiya da fenariti, karo na farko da Ingila ta yi hakan a gasar cin kofin duniya.

Wannan ya shafi aikina kai tsaye. Ina kula da matasa a sashen lissafin kuɗi, kuma yawancin kurakuran ƙarshen wata daga fargaba suke fitowa, yaro ya san aikin amma hannunsa na rawa. Yanzu muna gwada rufe littafi tun tsakiyar wata, lokacin da babu mai tsaye a kanmu.

Daren 11 ga Yuli 2021 ya fi zama mini darasi. Italiya ta doke Ingila da fenariti a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai, 'yan wasan Ingila Rashford da Sancho da Saka suka ɓarar da nasu. Ina ganin kocin ya yi ganganci da ya sako biyu daga cikinsu ana dab da tashi, ƙafarsu ba ta ko ɗumama ba, sannan ya bar wa Saka, ɗan shekara 19, bugun ƙarshe. Amma da ya fito gaban 'yan jarida cewa ya yi shi ya zaɓe su, laifin nasa ne. Shugabanni nawa ne ke yin haka idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada? Kafin gari ya waye an cika shafukan yaran uku da zagin wariyar launin fata. Saka haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Najeriya. Yana cin ƙwallo ɗan Ingila ne, yana ɓararwa aka tuna masa asali. Southgate bai ajiye shi ba, kuma a 2024 Saka ya sake tsayawa ya ci tasa a karawa da Switzerland.

Masu gunaguni ma suna da hujja. Ya cika taka-tsantsan, yana jinkirin canji idan wasa ya juya, Sifaniya kuma ta doke shi 2-1 a Berlin a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai ta 2024 ya ajiye aiki. Hukumar ƙwallon Ingila ta maye gurbinsa da Bajamushe, Thomas Tuchel, sai gardamar wane ne ya cancanci riƙe ƙungiyar ƙasa ta dawo sabuwa a jaridunsu.