Golf a Jidda: aikin yana ga tsayuwa, ba hannu ba

Tun da aka fara gasar Saudi International a 2019 a filin Royal Greens, can Birnin Sarki Abdallah arewa da Jidda, wadda Dustin Johnson ya lashe, sha'awar golf ta shige ni. Wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, abokin mahaifina, shi ya ɗora ni a hanya. Mun fi fita da sanyin safiya, don rana in ta take a nan ko sandar buga ƙwallon ba ta riƙuwa.

Bai bar ni na taɓa ƙwallo ba sai da ya gamsu da tsayuwata. "Ɗana, daga ƙugu ake lanƙwasawa, kamar mai shirin ruku'u da ya tsaya a rabin hanya. Kada ka yi doro." Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake, nauyi a tsakiyar tafin ƙafa, hannuwa su sauko da kansu.

Sai da jikina ya ji na gane dalili. In gadon baya ya yi doro, kafaɗu ba sa juyawa sosai, sai hannu kaɗai ya yi aikin, ƙwallo ta tafi ba ƙarfi. In nauyi ya zauna kan dunduniya, ko ka miƙe kafin sanda ta iso, saman ƙwallon za ka shafa ta yi ta gungura a ƙasa. In kuma ka dulmiya, sandar ta tono ciyawa tun ba ta kai ga ƙwallo ba, ka ji girgizar har gwiwar hannu. Duk abu ɗaya ne: karkatar da bayanka ya yi da farko, ita ake so ka riƙe har ka buga.

Shawarar nan ta "sunkuyar da kai" da kowa ke bayarwa, ni ban yarda da ita ba. Na ce, "Kawu, to ina zan sa haɓata?" Ya sa yatsa ya ɗaga ta daga ƙirjina, sai ga kafaɗar hagu ta samu hanyar wucewa ƙarƙashinta.

Doguwar sandar bugun farko ta fi son a ƙara buɗe ƙafa, ƙwallo ta matso wajen ƙafar gaba. Yanzu ɗan autan dattijon nake ba waya ya ɗauke ni bidiyo daga gefe, don in iskar Bahar Maliya ta taso, mutum yakan takure bai sani ba.